Ƙullin Igiyar Kawu Kashe-Inji

Kawuna bulo yake bugawa, kuma a duk layin masu bulo shi kaɗai ne za ka zo wurinsa da kuɗi a hannu ya ce maka ya tashi. Ba siminti ne ya ƙare ba, ba inji ne ya lalace ba. Rana na sama, yashi ga shi tuli, leburori ko rigunansu ba su gama jiƙewa ba, sai ka ga ya taka a hankali ya murɗe makunni, layi ya yi tsit. Daga nan ya samo sunan Kashe-Inji. Ni da nake ɗan yayarsa Kawu nake ce masa a gaban idonsa, in ya ba da baya in kira shi yadda kowa ke kiransa. Shi kuma Ɗan-kwaleji yake ce mini, don na taɓa shiga kwaleji ta babbar ƙofa, na fito ta taga tun ba a je ko'ina ba.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, hannayensa kamar an sassaƙa su da itace. Siminti ya ci farcensa, ya mai da hularsa launin toka, har ba wanda ya tuna asalin launinta. Bai cika magana ba. In ya ɗaga bulo ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa ya kara a kunne, zai gaya maka wane lebura ne ya gauraya shi, da ko ranar ya yi faɗa da matarsa. Da kwasar yashi ya fara tun yana saurayi, ya koma bugun hannu, bulo ɗaya bayan ɗaya, har ya sayi tsohon injin nan mai tari kamar ya shekara yana shan taba.

Filin da yake aiki a ciki na kakanmu ne. Da aka raba gado, gaban filin ya faɗa wa Kawu, bayan kuma, inda rijiya take da ɗakunan da muke ciki, ya faɗa wa Umma, mahaifiyata. Shi ke da inji, ita ke da ruwa. Bulo kuwa, in ba ka sani ba, ya fi jariri shan ruwa: da ruwa ake kwaɓa shi, kuma bayan an buga sai an yi ta shayar da shi safe da yamma, in ba haka ba ya fashe a hannun magini. Don haka duk ƙarshen wata Kawu yakan shigo ya durƙusa ya gaishe da yayarsa, ya ajiye mata rabonta a gefen tabarma.

Abin da ke kashe injin ba agogo ba ne, wani ƙulli ne a igiyar guga. Igiya ce shuɗiya, ta roba, kuma can sama da gugan Kawu ya yi mata ƙulli mai kauri. Da safe rijiya a cike take, guga na taɓa ruwa tun ƙullin yana kwance a ƙasa. Ana ja ruwa na sauka, ana ja yana sauka, har lokacin da mai ja zai ji ƙullin ya wuce ta tafinsa alhali guga bai taɓa ruwa ba. Da ya ji haka sai ya ɗaga hannu, Kawu ya nufi makunni. Ko an kwaɓa rabin buhu, wannan rabin ne na ƙarshe. An sha ba shi shawarar ya sa injin jan ruwa, ya ce ba ya so, inji ba shi da ƙulli.

Ƙullin yana da tarihi, kuma duk wanda ya zauna da Kawu ya ji shi. Wai shekarun baya, kafin in yi wayo, wani ɗan kwangila ya zo yana son bulo mai yawan gaske. Kawu ya saki inji tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Rijiya ta ƙafe, ya koma sayen ruwan tanka. Leburori suka ce aikin yamma ba farashinsa ɗaya da na safe ba. Inuwa ta cika, aka koma jera ɗanyen bulo a gangare, cikin rana, inda yake tsagewa kafin ya bushe. Bai taɓa sayar da bulo kamar na wannan karon ba, kuma da aka gama sai da ya sayar da babur ɗinsa. Farashin bulo a layin ɗaya ne, kowa ya sani, in ka ƙara ko sisi mai saye ya tsallaka titi. To kuɗin da bulo ke kawowa ba ya motsi, abin da yake ci ne ke hawa. Ranar da mai sayen babur ya tafi da shi, Kawu ya dawo a ƙasa ya ɗaura ƙullin daidai inda ruwan da ya rage zai ishi shayar da abin da aka riga aka buga.

“Bulon safe shi ke ciyar da ni,” in ji shi. “Na tsakar rana yana ciyar da kansa. Na yamma ni zan ciyar da shi, ni kuwa ina da iyali.”

Abin haushi, na taɓa jin wannan a kwaleji. Malami ya zana layi biyu a allo, ɗaya a kwance kamar mai zazzaɓi, ɗaya yana hawa. Ya ce na kwancen shi ne abin da kasuwa za ta ba ka a kan kowane ɗaya, mai hawan kuma abin da na gaba zai ci maka. Ya ce inda suka haɗu, nan mai hankali ke tsayawa. Na ɗauki maganarsa da muhimmanci, nan na tsaya da karatun.

Saboda haka ba ƙullin nake zargi ba. Mai ƙullin nake zargi.

Ga dalili. Ina yaro, injin yakan yi ta tari har inuwar katanga ta rufe tulin yashi. Da na fara gemu sai ya koma tsayawa inuwa tana rabin hanya. A bana kuwa, mutane ba su gama cin abincin rana ba za ka ji tsit. Ruwan sama bai ragu ba, rijiyoyin maƙwabta ba su yi ƙasa ba, amma ranar aikin Kawu kullum sai ƙanƙancewa take yi kamar rigar da aka wanke da ruwan zafi. Abin da yake ajiye wa Umma a gefen tabarma shi ma yana ta ramewa. In ya fita, takan daɗe tana kallon ƙofa.

Sannan ga Na-Tsallake. Shi ne mai gidan bulon da ke fuskantar na Kawu, dogo, mai yawan dariya, irin mutanen da ke tambayar lafiyar kakarka da ta rasu. Duk wanda ya zo bayan an kashe inji, Kawu da kansa zai nuna masa tsallaken titi ya ce je ka can, nasa ma yana da kyau. Da mai saye ya tafi, sai Kawu ya wanke hannu, ya kaɗe hula, ya tsallaka shi ma, su zauna a benci ƙarƙashin rumfa suna shan shayi har yamma. Kai mai karatu, tsakani da Allah, in ka ga ɗan kasuwa yana tura ciniki gidan abokin hamayyarsa sannan ya bi cinikin ya sha shayi, me za ka ce? Ni kashe-mu-raba na ce. Na faɗa wa Umma, ta ce in rufe mata baki, ƙanenta ne. Amma ba ta ce ƙarya nake ba.

Ana cikin haka wani mai wankin mota ya fara zarya. Mutum ne mai tsabta fiye da kima, farin takalmi a layin da ƙasarsa rabi siminti ce. Ya gaishe da Umma yana ce mata Hajiya, ita da ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Ya ce yana son hayar bayan filin, da rijiyar, zai kafa wurin wanki na zamani, zai riƙa biya a kan kari. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce wuri irin wannan yana bukatar manaja mai ilimi. Na duba hagu da dama ban ga wani mai ilimi ba sai ni.

Da Kawu ya shigo gaisuwa a ƙarshen watan, Umma ba ta taɓa abin da ya ajiye ba. Ta ce masa ita ba ta iya lissafin 'yan kasuwa ba, amma ta iya ganin rana. Ta ce in injinsa ya gaji da ruwanta, akwai wanda bai gaji ba, kuma ta ba wa mutumin rana ya zo ya auna wuri. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, in kin ɗauke rijiyar kin ɗauke injin. Da ruwan tanka ko bulon safe ba zai ciyar da ni ba.” Ta ce ya je ya gaya wa abokin shayinsa.

Duk da kujerar manaja tana yi mini ƙyalli, ban so a ce an kori Kawu ba hujja. Na fi son a kore shi da hujja. Sai na sa masa ido. Na koma shan rake a bakin titi daidai inda zan ga hannayensu in sun gaisa da Na-Tsallake, ko wani abu zai wuce daga tafi zuwa tafi. Babu abin da ya wuce sai kofi. Na bi wani birkila da aka tura tsallake na tambaye shi ko an ƙara masa farashi, ya ce a'a, ya kuma tambaye ni ko ba ni da aikin yi. Na tare Dogo, babban leburan Kawu, wanda shi ke jan ruwa, na ce wataƙila shi ke ɗaga hannu tun ƙulli bai zo ba don ya samu ya gudu. Ya ce da buhu ake biyansa, kowane buhun da ba a kwaɓa ba daga aljihunsa ya fita, in kuma ina shakka ga guga. Na ce ban zo da kayan aiki ba.

Hujjar da kanta ta same ni. Wata rana bayan an kashe inji na zauna a bakin rijiya ina jin haushin duniya, na leƙa ciki haka kawai. Sai ga fuskata, kusa, har ina ganin wushiryata. Na tuna ina yaro, in aka tashi aiki muka leƙa, ruwan can ƙasa yake, ɗan mitsitsi kamar kwabo a gindin tulu, sai ka yi ihu kafin ya amsa. Yau ga shi ya kai rabin rijiya, wai kuma an tashi don kada ruwa ya ƙare. Na jefa tsakuwa, tun ban sauke hannu ba na ji ƙararta. Na ce yawwa, Kashe-Inji, yau na kama ka.

Ban faɗa wa kowa ba sai ranar awo. Mai wankin mota ya zo da tef ɗinsa yana ɗaga farin takalmi kamar kaza a cikin taɓo. Umma ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki da mayafi. Na bari sai da Dogo ya ɗaga hannu, Kawu ya murɗe makunni, sannan na gyara murya na ce ina roƙon kowa ya zo ya leƙa rijiya. Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Umma ta daɗe a sunkuye, da ta ɗago kuwa fuskarta ta murtuke.

“Wannan ne ruwan da ya ƙare?” ta tambaye shi.

Kawu ya leƙa, ya ja baya, ya sake leƙawa. In wasan kwaikwayo yake yi, to ya ɓata basirarsa a bulo. Ya ce shi rabonsa da leƙa rijiyar nan har ya manta, hannun Dogo yake kallo, Dogo kuma ƙulli yake ji. Na ce to ai sai a tambayi ƙullin, tunda shi ne mai gidan. Bai kula ni ba. Ya janyo igiyar gaba ɗaya, ya ɗauke ta da gugan ya nufi bangon ɗakin siminti, muka bi shi. A jikin bangon akwai tsofaffin ƙusoshi biyu, nesa da juna, waɗanda na ɗauka na rataye riga ne. Ashe ranar da ya ɗaura ƙullin ya kafa su, tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar guga da ƙulli. Ya rataya gugan a ta farko, ya ja igiya zuwa ta biyu. Ƙullin bai kai ba. Abin da ya rage tsakaninsa da ƙusar ya fi tsawon Dogo, har da hannunsa a miƙe.

Wato ƙullin yana nan inda aka ɗaura shi, ya ma ƙafe ya zama kamar dutse. Igiyar ce wani ke ci ta wajen guga.

Nan fa wuri ya rikice, kowa ya samu wanda zai kalla. Kawu ya kalli Dogo. Dogo ya rantse, ya ce a tambayi masu zuwa da tef. Mai wankin mota ya ce shi bai fi wata guda da sanin layin ba, wannan kuwa cin shekaru ne. Na ce to wa ke cin ribar tashin Kawu da wuri in ba Na-Tsallake ba, mutumin da ke da reza a aljihu wai don yankan farce? Umma ta ce ai ba sai an tsallaka titi ba, mai son ya huta da rana ya san inda wuƙa take. Kawu ya ce, a hankali, akwai kuma masu son kujerar manaja. Ban san ya ji wannan labarin ba. Na fara bayanin cewa ni ko igiyar takalmina ban iya yankewa daidai ba, sai idona ya sauka a kan butar Umma da ke bakin ƙofa.

Hannun butar ya karye tun tuni, an yi mata sabo da guntun igiya. Shuɗiya. Na ɗaga kai, ƙyauren ɗakin girki da shuɗiyar igiya aka ɗaure shi. Kwandon da ke rataye a rumfa, shuɗiya. Tsintsiya, shuɗiya. Igiyar shanya kuwa gaba ɗayanta guntaye ne aka ƙulla da juna, tun daga taga har bishiya, zannuwan Umma suna ta kaɗawa a kai. Na girma a cikin gidan nan ina ganinsu kullum, ban taɓa tambayar daga ina suke ba.

Na ce, “Umma, wannan butar taki a ina aka yi mata hannu?”

Ta kalli butar, ta kalli shanya, ta kalli bangon. Ita ce ke fara jan ruwa kowace safiya kafin ma'aikata su zo. Ta ce igiya tana cinyewa a wuyan guga, in aka bar ta guga zai faɗa, sai an nemo mai shiga rijiya. Don haka in ta ga ta fara zarewa takan yanke wurin ta sake ɗaurewa, ɗan kaɗan, bai fi kamu ba. Guntun kuma ba ta ga dalilin jefar da shi ba.

“Da na bari gugan ya faɗa, da wa za ku zaga?” ta ce. “Kuma wane irin mutum ne zai shekara yana tashi aiki da rana tsaka bai taɓa leƙa rijiya ba?”

Kawu ya ce gaskiya ne, Yaya. A gidanmu haka ake neman gafara: wanda aka yi wa laifi shi ke cewa gaskiya ne. Ta juya wurin mai wankin mota ta ce ya naɗe tef ɗinsa, rijiyar tana da mai ita. Ya tafi yana kaɗe takalmi, bai ko yi wa manajansa sallama ba.

Washegari Umma da kanta ta aiko da sabuwar igiya, ta sa aka saƙa wa wuyan gugan guntun tiyo don kada ya ƙara cinta. Kawu ya auna a bango ya ɗaura sabon ƙulli. Injin ya koma tari har inuwa ta rufe yashi, Dogo ya fara sayen nama a hanyar gida, abin gefen tabarma ya murmure. Amma kada ka ɗauka Kawu ya canza. Har gobe, da ƙulli ya wuce hannu, ko mutum goma ne a tsaye da kuɗi, makunni zai nufa. Na ce masa yanzu da ciniki ya buɗe ai sai a ɗan zarce. Ya ce ƙullin ne ya yi kuskuren wuri, ba tsayawar ba. Umma kuma ta yanke hukunci cewa tunda idona ya iya ganin ruwa, hannuna ma zai iya jansa. Dogo ya koma kan inji, ni na gaji guga. Na nemi kujerar manaja, na samu igiya.

Sai dai jan ruwa yana ba mutum lokacin tunani, kuma ga abin da ya hana ni sakewa. Mutumin da ke ƙwanƙwasa bulo ya gane wanda ya gauraya shi, a ce igiya ta rasa tsawon Dogo a gidansa bai lura ba? Yana shiga gaishe da yayarsa, yana sunkuyawa ta ƙarƙashin igiyar shanyar nan kowane wata. Bayansa kuma ya daɗe yana ciwo, na sha ganinsa yana dafa ƙugu in ya ɗauka ba mai kallo. Kuma tun da aka gyara igiya, in ya tsallaka titi shayin ya riga ya huce, har Na-Tsallake yana yi masa tsiya wai yayarsa ta mai da shi makaranta. Kawu ba ya dariya in an faɗi haka.

Don haka wata rana da ya fita sayen man inji, na ɗauki sabuwar igiyar na kai ta bango. Na rataya guga a ƙusar farko, na ja. Ƙullin bai kai ta biyu ba. Ba da yawa ba, kamar kamu ɗaya, daidai abin da zai ba mutum damar samun shayi da sauran ɗumi. Da ya dawo na nuna masa, na tsare shi da ido. Ya ajiye jarka, ya dubi ƙusar, ya dube ni.

“Sabuwar igiya ce, Ɗan-kwaleji,” ya ce. “Miƙewa za ta yi.”

Kullum sai na kai ta bango kafin in fara ja. Har yanzu ba ta miƙe ba.